Ayari Ba Ya Jiran Mai Ɗaurin Kaya

Ranar 1 ga Oktoban 2024 aka tsayar domin fitar da Python 3.13, sabuwar sigar ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja da aka fi amfani da su a duniya. Ranar ta zo, sigar ba ta fita ba. An gano cewa wani sabon tsari na kwashe sharar da manhaja ke tarawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda aka daɗe ana aiki a kansa, yana sa wasu manhajoji nawa, ciki har da Sphinx, wadda da ita ake haɗa littafin bayanin Python ɗin kansa. Thomas Wouters, wanda alhakin fitar da wannan siga ke wuyansa, bai ce kowa ya zauna har sai an gano bakin zaren ba. An cire sabon tsarin ɗungurungum, an maido da tsohon, an ƙara fitar da sigar gwaji guda ɗaya, sannan ayari ya tashi ranar 7 ga wata, da jinkirin kwana shida.

Akwai masu kallon irin wannan hukunci a matsayin gazawa. A ganinsu, aikin da ake yi kyauta, ba don kasuwa ba, bai kamata ya zama bawan kalanda ba. Takensu shi ne a fitar da abu idan ya kammala, ba idan wata ya kama ba. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da kamannin dattako, domin tana nuna mai faɗinta a matsayin wanda ya fifita inganci a kan gaggawa. Sai dai tarihin harsunan manhaja na shekaru ashirin da biyar da suka wuce ya ƙaryata ta sau da yawa, har ya zama abin mamaki a ce akwai sauran masu riƙe da ita.

Harshen rubuta manhaja ba kamar littafi yake ba, da za a ce marubuci ya kai aya ya rufe. Shi kansa manhaja ce, wadda dubban wasu manhajoji ke zaune a kanta: na bankuna, na asibitoci, na masu binciken kimiyya, na shafukan intanet. Idan kuma harshen buɗaɗɗe ne, wato kowa na iya karanta rubutun da aka gina shi da shi, ya kuma kawo gyara ko ƙari, to masu aikinsa ɗaruruwa ne a ƙasashe daban-daban, akasarinsu 'yan sa-kai. Babu shugaban da zai ce wa wani ya gama kaza kafin Juma'a ko a bakin aikinsa. Wani yana aiki ne da dare bayan ya tashi daga ofis, wani zai ɓace wata uku saboda an yi masa haihuwa ko ya sauya wurin aiki. A irin wannan taro, kalmar “kammalawa” ba ta da rana. Kullum akwai wanda ya kusa gamawa, kuma kafin ya gama, wani ya fara nasa ya kai rabi.

Duk wanda ya taɓa zama a motar haya a tasha ya san wannan hali. Motar da ba ta tashi sai ta cika, ba wanda zai iya cewa ga lokacin da za ta isa. Wanda ya zo da asuba shi ke biyan kuɗin jinkirin wanda bai ma baro gida ba, kuma idan jira ya yi tsawo sai na farkon ya sauka ya nemi wata motar, kujerarsa ta sake zama fanko.

Haka ya faru da Perl. A ƙarshen shekarun 1990 da shi ake rubuta kaso mai yawa na manhajojin da ke bayan shafukan intanet. A watan Yulin 2000, Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya sanar da cewa za a fara aikin Perl 6, sabon gini daga tushe. Ba a sa rana ba. Abin ya kai har ya zama abin barkwanci a tsakanin masu aikin, ana cewa zai fito ranar Kirsimeti, ba a dai faɗi ta wace shekara ba. Ya fito a Disambar 2015, bayan shekara goma sha biyar. A tsawon wannan zaman jiran gawon shanu, shi kansa Perl 5 da mutane ke aiki da shi ya yi sanyi: tsakanin siga ta 5.8 a 2002 da ta 5.10 a 2007, shekara biyar aka yi. Mai shirin fara sabon aiki sai ya tsaya yana tunani, ya rubuta da harshen da aka ce za a maye gurbinsa, ko ya jira wanda bai zo ba? Da yawa suka zaɓi na uku, suka koma Python da Ruby da PHP. A 2019 aka sauya wa Perl 6 suna zuwa Raku, aka amince a fili cewa wani harshe ne dabam. Abin lura shi ne maganin da masu Perl 5 suka sha da kansu: daga siga ta 5.12 a 2010 suka koma fitarwa kusan kowace shekara, ko da me aka samu a hannu.

PHP ma ya taɓa faɗawa ramin. An yi shekaru ana jiran PHP 6, wanda aka ɗaura wa alƙawarin sarrafa haruffan dukkan harsunan duniya daga tushe. A 2010 aka watsar da aikin, lambar 6 ma aka tsallake ta, sai PHP 7 a ƙarshen 2015. Java kuwa, duk da kuɗin kamfanin Oracle da ke bayansa, ya riƙe siga ta 9 ana ta ɗage rana saboda wani babban aiki guda ɗaya mai suna Jigsaw, har aka yi shekara uku da rabi tsakaninta da ta 8. A watan Satumban 2017, watan da sigar ta fito, Mark Reinhold, babban injiniyan Java, ya kawo shawarar a koma fitarwa duk wata shida. Tun daga Maris ɗin 2018 haka ake yi.

Masu taken “sai ya kammala” za su ce waɗannan misalai ne na buri da ya yi yawa, ba na rashin kalanda ba. Ai rashin kalandar ne ke haifar da burin. Idan mai aiki ya san cewa motar da ke tsaye ita ce ta ƙarshe, kuma ba a san ranar zuwan wata ba, zai yi duk abin da zai iya ya cusa kayansa a ciki, ko bai gama ɗaure su ba. Kowa ya cusa nasa, mota ta yi nauyi, tashi ya ƙara nisa, wanda hakan ke ƙara wa na baya dalilin cusa nasu. Jinkirin da aka ce an yi domin inganci shi ne ke kawo ɗanyen aiki. Wannan na cikin hujjojin da Lukasz Langa ya kafa a 2019 a takardar shawara mai lamba PEP 602, wadda ta rage tazarar fitowar Python daga kusan wata goma sha takwas zuwa shekara ɗaya: idan abu ya rasa wannan tafiya, wata na nan tafe ba da daɗewa ba, don haka babu dalilin turereniya a bakin ƙofa.

Tsarin da Python ke bi tun daga siga ta 3.9 a 2020 ba shi da wani sirri. Ana fitar da sigogin gwaji na farko, waɗanda ake kira alfa, wata-wata tun daga Oktoba. A watan Mayu ake fitar da beta ta farko, kuma daga wannan rana an rufe ƙofa: ba a karɓar sabon abu, sai gyaran abin da ya riga ya shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen watan Agusta a fara fitar da sigogin da ake sa ran su ne na ƙarshe, inda ko gyara ma ba ya shiga sai an tantance shi sosai. A Oktoba a fitar. Daga nan sigar na da shekara biyar a duniya: biyun farko ana gyara mata kowane irin kuskure, ukun ƙarshe sai ɓarakar tsaro kaɗai ake toshewa. Kafin 3.13, kashin farkon wata goma sha takwas ne.

A kan wannan tafiya akwai mutum guda da za a iya kira madugu, domin aikinsa bai bambanta da na madugun fatake ba. Ba shi ya mallaki kayan ba, ba lallai ne ya fi kowa sanin abin da ke cikin kowane ƙunshi ba, amma shi ke cewa an tashi, shi ke cewa wannan kaya ba zai bi wannan ayari ba. A al'adar Python, madugu ɗaya kan riƙe siga biyu a jere: Larry Hastings ya riƙe 3.4 da 3.5, Ned Deily 3.6 da 3.7, Langa 3.8 da 3.9, Pablo Galindo Salgado 3.10 da 3.11, Wouters 3.12 da 3.13, sannan Hugo van Kemenade ya karɓa daga 3.14. Tun 2001 akwai takarda ta musamman, PEP 101, da ke jera matakan fitarwa ɗaya bayan ɗaya, kuma doguwa ce. Amma abin da ya fi nauyi a aikin ba ya cikin jerin. Shi ne a dubi abokin aiki, wanda ya ba da watanni na rayuwarsa kyauta, a ce masa aikinsa ba zai shiga bana ba.

Darajar wannan “a'a” ta bayyana ƙarara a 2021. Akwai wani sauyi, PEP 563, da ya shafi yadda Python ke karanta bayanan da mai rubutu ke liƙa wa manhajarsa domin nuna irin abin da kowane sashe ke karɓa, lamba ce ko rubutu. An amince da shi shekaru kafin nan, an kuma tsara zai zama dole a siga ta 3.10, har an riga an shigar da shi cikin sigogin alfa. A watan Afrilu, saura 'yan makonni a rufe ƙofa, masu kula da Pydantic, wani ƙunshin manhaja da FastAPI da ɗimbin ayyuka ke dogaro da shi, suka yi kukan cewa sauyin zai karya musu aiki. Akwai wata shawara ta daban a gefe, PEP 649 ta Larry Hastings, wadda ake ganin za ta iya raba gardamar, amma ba ta nuna ba. Majalisar jagoranci ta mutum biyar, wadda ke yanke hukunci tun bayan da Guido van Rossum ya sauka daga shugabanci a 2018, tana da zaɓi uku: ta tura sauyin haka nan, ta riƙe 3.10 har a sasanta, ko ta janye shi. Ta janye. Beta ta fita a farkon Mayu, 3.10 ta fita a Oktoba da sauran kayanta. Ita kuwa matsalar, sai a 2023 aka amince da PEP 649, kuma sai a 3.14, cikin Oktoban 2025, ta shiga harshen.

A lissafa: shekara huɗu. Da an bi ra'ayin masu cewa a jira abu ya kammala, da duk wani ci gaba da aka samu a 3.10, 3.11, 3.12 da 3.13 yana tsare a tasha saboda gardama guda ɗaya da mafi yawan masu amfani da harshen ba su ma san ana yin ta ba. Cikin abin da zai tsaya har da ƙarin saurin da 3.11 ta kawo, da saƙonnin kuskure masu nuna wa ɗalibi daidai inda ya yi tuntuɓe. Kalandar ce ta ba wa masu gardama damar ɗaukar shekara huɗu suna tunani a natse, domin ba wanda ke tsaye a kansu yana jira.

Ba a ce ranar ta zama abin bauta ba. Python 3.11 an tsara ta ne farkon Oktoban 2022, amma ba ta fita ba sai 24 ga wata, kuma tun a tsakiyar shekarar Galindo Salgado ya yi gargaɗi a fili cewa idan ba a kawar da manyan matsalolin da suka tare hanya ba, za a iya kaiwa Disamba. Bambancin yana ga dalilin jinkirin. Ana ɗage rana domin a cire abin da ya lalace ko a gyara abin da ya riga ya shiga, kwana shida ko mako uku. Ba a ɗage ta domin a jira abin da bai iso ba. Na farko yana da iyaka, na biyu shi ne ya ci shekara goma sha biyar.

Python ɗin ma ba da hikima ya fara ba, wuya ce ta koya masa. Siga ta 3.0, wadda ta fito a Disambar 2008, ta tattara manyan sauye-sauye masu karya tsohon rubutu ta zuba su a tafiya guda, bisa tunanin cewa gara a sha ɗacin sau ɗaya. Jama'a suka ƙi hawa. An sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2.7, aka ga ba zai yiwu ba, aka ƙara shekara biyar zuwa 1 ga Janairun 2020. A tsakani sai da aka dawo da wasu abubuwan da aka cire, a 3.3 da 3.5, domin a sauƙaƙa wa mutane ƙaura. Fiye da shekara goma masu aikin sa-kai suna ɗauke da harshe biyu a ka. Yau dokar ita ce, abin da za a cire sai an yi gargaɗi a kansa na aƙalla siga biyu. Haka aka bi aka cire distutils a 3.12, aka kuma cire tsofaffin sassa goma sha tara a 3.13. An yi gunaguni, amma ba a sake rabuwa gida biyu ba.

Harsunan da aka haifa bayan wannan darasi ba su tsaya gardama ba. Go na fita duk Fabrairu da Agusta. Rust, tun daga siga ta 1.0 a watan Mayun 2015, duk mako shida yake fita, ta matakai uku: na kowane dare, na beta, da tabbatacce. Abin da bai nuna ba yana nan kulle a matakin dare, ko shekara nawa zai yi, ba ya tare wa kowa hanya. Suna da wata na'ura mai suna Crater da ke ɗaukar sabuwar sigar ta gwada ta a kan dubban ƙunshin manhajojin jama'a, domin a ga wanda zai karye kafin a fitar. Wanda ya ce saurin fitarwa da inganci ba sa haɗuwa, sai ya bayyana yadda aka yi harshen da ya fi yawan fitowa ya zama wanda aka fi yabo wajen rashin karya tsohon aiki.

Akwai ƙorafi guda da ke da nauyi, kuma ba a kyauta ba idan aka share shi. Fitowa duk shekara da tallafin shekara biyar na nufin a kowane lokaci akwai sigogin Python kusan biyar da ke raye. Mai kula da ƙaramin ƙunshi, shi kaɗai a ɗakinsa, dole ya gwada aikinsa a kan dukkansu, kuma duk Oktoba ga sabuwa. Manyan ƙunshin lissafi irin su NumPy sai sun sake gina kayansu domin kowace siga da kowane irin kwamfuta. Wahala ce ta gaske, har ta sa masu NumPy da 'yan uwansu suka kafa tasu dokar a 2019, cewa ba za su tallafi sigar Python da ta wuce wata arba'in da biyu ba. Sai dai a lura da abin da ya ba su damar kafa wannan doka: sanin ranakun. Wahalar da aka san ranar zuwanta ana iya yi mata tanadi, a raba ta, a sa ta a kasafin shekara. Masu Fedora, ɗaya daga cikin tsare-tsaren Linux, kan sake gina dubban ƙunshinsu a kan Python tun tana matakin gwaji, su aika da rahoton abin da ya karye, domin sun san watan da za su buƙace ta. Wanda ke jiran motar da ba ta da lokaci ba abin da zai iya shiryawa.

Waɗanda ba su da bakin ƙorafi su ne kamfanonin da ke cin bulus. Wata biyar ake bayarwa, daga Mayu zuwa Oktoba, sigar gwaji na nan kyauta ga duk mai so, ana roƙon jama'a su gwada su kawo rahoto. Kamfani mai injiniyoyi ɗari, wanda duk cinikinsa a kan Python yake zaune, ba zai ware mutum ɗaya na yini ɗaya ya gwada ba. Sai Oktoba ta wuce, ko ma bayan shekara biyu, abu ya karye, a fito ana zargin 'yan sa-kai da gaggawa da rashin tunani. Matsalar kwashe sharar 3.13 an gano ta ne saboda wani ya ɗauki ainihin aikinsa ya gwada a kan sigar gwaji ya ga ya yi nawa. Da an sami irinsa da yawa tun watan Yuni, da ba a kai ranar fitarwa ana cire kaya ba.

Su kuma madugan, nauyin da ke kansu ya wuce abin da ake zato. Wanda ya karɓi siga biyu ya ɗaure kansa na kusan shekara bakwai, daga alfa ta farko zuwa gyaran tsaro na ƙarshe, kuma duk ranar da aka gano ɓaraka mai haɗari dole a fitar da gyara ga dukkan sigogin da ke raye, ko ana hutu. Shekara da shekaru, mutum ɗaya ne, Steve Dower, ke haɗa sigar Windows, Ned Deily kuma ta Mac. Sai a 2021 Gidauniyar Python ta sami kuɗin ɗaukar mutum na farko da zai yi wa harshen aiki cikakken lokaci a ƙarƙashinta, wato Langa, da tallafin Google. Harshen a lokacin ya shekara talatin. Abin da ya faru da xz a Maris ɗin 2024 ya isa gargaɗi: wani ƙaramin ƙunshin matse fayil ne da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da shi, mai kula da shi ya gaji, wani da ya yi shekaru yana nuna kirki ya karɓi ragamar fitarwa, ya dasa ƙofar sata a cikin fayilolin da ake rarrabawa. Wani injiniya, Andres Freund, ya gano ta ne saboda ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura.

Python 3.9 ta daina samun gyaran tsaro a ƙarshen Oktoban 2025. Ta 3.10 za ta bi ta a Oktoban 2026. Waɗannan ranaku a rubuce suke tun kafin sigogin su fito, kuma duk ma'aikatar da manhajarta ke zaune a kan ɗayansu ta sami shekara biyar cur ta sanarwa.